Amsoshin Tambayoyinku: Ina Shinkafa Ta Samo Wannan Girma?

Tambaya: Ni matar aure ce a Zariya. Tun muna yara kakarmu take hana mu taka ƙwayar shinkafa ko mu haɗa ta da shara, tana cewa daga hasken Manzon Allah (SAW) aka halicce ta, har ma a yi salati in za a ci. Shin haka abin yake? Sannan me ya sa yanzu ba a Sallah, ba a suna, ba a biki sai da shinkafa, alhali iyayenmu da tuwon dawa suka girma? Abin da ya fi damuna shi ne, bara sai da maigidana ya ci bashi ya sayo shinkafa don fitar da zakkar fidda kai. Mu tara ne a gidan, ga masara a ɗaki, amma ya ce kunya yake ji ya miƙa wa mutum masara ranar Sallah. Shin dole ne sai da shinkafa?

Amsa: Malama, Allah ya saka wa kaka da alheri, ya ƙara wa maigida buɗi da rufin asiri. Zan fara da maganar kaka, domin in ta warware sauran za su zo da sauƙi.

Babu inda Alƙur'ani mai girma ya ambaci shinkafa da sunanta. Ya ambaci dabino da inabi da zaitun da rumman da ɓaure, a Suratul Baƙara kuma ya ambaci albasa da adas da sauran kayan lambun da Banu Isra'ila suka nema. Shinkafa tana shiga ne cikin jimlar ƙwayoyin da Allah yake fitarwa daga ƙasa, ita da gero da dawa da acca, babu wadda aka ware. Wannan ba abin mamaki ba ne. Mutanen Makka da Madina a wancan zamani da dabino da sha'ir da nono suka rayu, shinkafa kuwa abincin Indiya ce da Farisa da kudancin Iraƙi, sai bayan da Musulunci ya faɗaɗa ne ta zama sananniya a tukwanen Larabawa.

Zancen cewa daga hasken Annabi (SAW) aka halicce ta tsohon zance ne, ba kakarku ta ƙirƙiro shi ba, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ake jinsa ba. Sai dai malaman hadisi da suka yi aikin tace ruwayoyi sun sanya shi cikin ƙagaggu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, wato 1350, da ya zo kan shinkafa a sashen magunguna na littafinsa Zadul Ma'ad, sai ya fara da gargaɗi a kan wasu ruwayoyi biyu da ake yaɗawa: ɗaya tana siffanta shinkafa da haƙuri in da mutum ce, ɗaya kuma tana cewa ita kaɗai ce tsiron da yake waraka zalla babu cuta a cikinsa. Ya ce duka biyun ƙarya aka jingina wa Manzon Allah (SAW). Irin wannan ƙage bai tsaya kan shinkafa ba, an yi wa adas, an yi wa gauta, an yi wa kankana. Mutane suna son abincinsu, sai so ya kai wasu ga nema masa daraja daga sama. Salati kuwa alheri ne a kowane lokaci, amma ɗaure shi da cin shinkafa a matsayin sunna bai tabbata ba. Abin da ya tabbata a kan kowane abinci shi ne bisimilla, da ci da dama, da ci daga gabanka, da hamdala in an gama.

Akwai wuri ɗaya da shinkafa ta fito a hadisi ingantacce, kuma ina so ki riƙe shi, domin ya fi duk waɗancan ƙagaggun amfani. A Bukhari da Muslim akwai labarin mutum uku da dutse ya rufe wa bakin kogo, kowannensu ya roƙi Allah da wani aiki da ya yi don Shi kaɗai. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa ɗaukar ɗan ƙwadago, ɗan ƙwadagon ya tafi bai karɓi ladansa ba. A wata ruwaya ladan nan wani awo ne na dawa, a wata kuma na shinkafa ne. Mutumin bai cinye ba, ya yi ta juya ta har ta zama garken shanu da makiyayinsu, ranar da mai haƙƙi ya dawo ya miƙa masa duka. To kin ga inda shinkafa ta shigo: a matsayin haƙƙin wani da aka tsare. Duk wanda ya taɓa zuwa fadama lokacin yanka, ya ga masu bugu da mata masu shiƙa suna jiran a auna musu ladansu da yamma, ya san labarin nan bai tsufa ba.

Kada kuma ki koma gida ki ce wa kaka ta yi kuskure ki tsaya nan. Dalilin da ta bayar ne bai inganta ba, tarbiyyar da ta ba ku kuwa daidai take. A Sahihu Muslim an umarci wanda loma ta faɗi daga hannunsa ya ɗauka, ya share abin da ya taɓa ta, ya ci, kuma an kwaɗaitar da suɗe hannu da kwano saboda mutum bai san a wane sashen abincinsa albarka take ba. Suratul A'araf ta yi umarni da ci da sha, ta hana almubazzaranci. Saboda haka hana taka ƙwayar abinci ladabi ne na Musulunci, illa iyaka ya haɗa da ƙwayar gero da gutsuren ƙanzo da ragowar tuwon jiya.

Akwai al'ummun da shinkafa take cikin ibadarsu kai tsaye, kuma sanin haka yana taimakawa a ga bambanci. A Japan, kowace ranar 23 ga Nuwamba sarkin ƙasar yana gabatar da sabuwar shinkafa ga abubuwan bautarsu na addinin Shinto, shi ma ya ɗanɗana, kuma da hannunsa yake dasa shinkafa a wata 'yar gona cikin fadarsa. A tsibirin Bali na Indonesiya manoma suna kafa wa Dewi Sri, wadda suka ɗauka uwar shinkafa, ƙananan wuraren bauta a bakin gonaki. Ko a nan Afirka ta Yamma, mutanen Jola na yankin Kasamans a kudancin Senegal sun gina bukukuwansu da sadaukarwarsu ta gargajiya a kan shinkafa, rumbunta shi ne ma'aunin mutuncin gida. Mu ba mu da wannan. A wurin Musulmi shinkafa ni'ima ce daga cikin ni'imomi, Mai bayarwa ake gode wa.

To daga ina girman nata ya zo mana? Wannan ita ce tambayarki ta biyu, kuma amsarta tana cikin tarihi da gumin noma.

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Afirka tana da irin nata, jar shinkafar nan mai ɗan kauri, wadda masana suka nuna an fara nomanta kimanin shekara 3,000 da suka wuce a fadamun Kogin Neja da ke ƙasar Mali ta yau. Ibn Battuta ya same ta a Mali da ya je a 1352. Baturen nan Heinrich Barth, da ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya ga kwarin cike da gonakinta. Ga Bakabe ko mutumin fadamar Rima, ko na kwarin Haɗeja, ko na bakin kogi a Gaya da Tillaberi a Nijar, tuwon shinkafa abincin kullum ne tun kaka da kakanni. Amma yawancin ƙasar Hausa tudu ce da jigawa, inda gero da dawa da maiwa suke mulki. A can shinkafa sai an kawo ta daga nesa a bayan jaki, ko a ɗan yi ta a wani lungun fadama.

Ga kuma wahala. Gero ka shuka, ka yi noma da maimai, cikin wata uku ka yi girbi ka ɗaure dami. Shinkafa kuwa tana son ruwa ya kwanta mata, tana son a tsaya a kanta ana korar jan-baki daga safe har faɗuwar rana. A yanke da lauje, a buga, a shiƙe. In ta dafawa ce sai an guma ta, a shanya, a casa a turmi a raba ta da ɓuntu, sannan uwargida ta zauna da faifai tana tsinta, ta koma da ƙwarya tana regewa don kada tsakuwa ta kunyata ta gaban baƙo. Abin da ya ci wannan aiki ba a yi masa cin yau da kullum. Sai ya zama na gidan sarauta da na attajirai, talaka kuma ya tanade shi don ranar fita kunya.

Ki duba abincin da ake yi da ita a al'adarmu, za ki ga kusan duka na fita waje ne. Tuwon shinkafa da miyar taushe ranar Sallah, yara ne suke yawo da shi cikin langa da samira daga wannan gida zuwa wancan, har ya kasance abin da gida ya ci da rana yawanci daga tukunyar maƙwabta ya fito. Waina ana toya ta don suna da walimar sauka da sadaka. Nakiya, wadda ake yi da garin shinkafa da zuma ko sukari da mai da kayan yaji, cikin gara take tafiya gidan miji, iyayen amarya suna nuna sun san mutunci, kuma takan yi watanni ba ta lalace ba. Sinasir na baƙo ne mai daraja. Gero kuwa shi ya riƙe cikin gida: kunun kanwa na mai jego, furar maigida, kokon safe, kunun tsamiya na buɗa-baki. A ganina nan asalin girman shinkafa yake. Ita ce abincin da Bahaushe yake hana kansa don ya ba wani, ko suruki, ko maƙwabci, ko malamin yara, ko baƙon da ya sauka. Da yake kuma ranakun da ake wannan kyauta ranakun addini ne, Sallah da suna da ɗaurin aure da sauka, sai alfarmar ranakun ta shafi abincin, har yaro ya taso yana jin ƙanshin tuwon shinkafa ya tuna Idi. Ba laifi ba ne a ji haka. Kyakkyawar al'ada ce da ta tsiro a gindin karamci.

Abin ya sauya ne a shekarun 1970. Farin 1973 ya kashe amfanin gona da dabbobi a Arewa da Nijar, a daidai lokacin da kuɗin man fetur suka fara kwarara a Nijeriya. Jiragen ruwa suka shiga sauke shinkafar Amurka da ta Tailan, fara tas, doguwa, ba tsakuwa, ba tsinta. Birane suna cika, ma'aikata sun samu ƙarin albashin Udoji, risho ya shigo kicin. Matar da za ta surfa dawa, ta kai niƙa, ta tankaɗe, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, sai ga abin da za ta wanke ta zuba a tukunya, kafin awa guda an ci. Makarantun kwana da gidajen abinci suka ɗora. A zamanin Shugaba Shagari shigo da shinkafa ya kai matsayin da aka kafa masa kwamiti na musamman ƙarƙashin Alhaji Umaru Dikko. An hana shigo da ita a 1985, aka ɗage hanin a 1995, a tsakanin nan kuma da bayansa 'yan fasa-ƙwauri ba su huta ba, daga tashar Kwatano ta biyo ta Nijar ta shigo ta iyakokin Arewa. A gida ma noma ya bunƙasa: madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 ita ta mai da Kura da Kadawa da Bunkure ƙasar shinkafa rani da damina, a Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu, a Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja.

Cikin shekara hamsin, abin da ake jira daga Sallah zuwa Sallah ya zama garau-garau a bakin titi da dafa-duka a kowane gida. Amma tsohon girman bai tafi ba, sai ya juye ya zama ma'aunin wane da wane. Nan ne abin yake ci mini rai. Yau akwai yaran da suke ganin tuwon dawa alamar talauci ce. Akwai amaryar da za a yi wa gori don an kai garar da babu buhun 'yar waje. A gidan biki za ki ga an loda wa kowa faranti, a ci rabi a bar rabi, a tattara a juye a bola, alhali almajirai suna bakin ƙofa. Hadisi ingantacce ya kira walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta da mafi sharrin abinci, kuma ba a taɓa jin Manzon Allah (SAW) ya kushe wani abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wanda yake raina dawa yana ganin ya waye, ya sani ba daga sunna ya ɗauko ba.

Sannan ga tsada. Buhu mai kilo 50 da ake saya wajen naira dubu goma a 2015 ya haura dubu saba'in a farkon 2024, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. A wannan shekarar ne aka ga mutane a Kano suna sayen afafata, wato tarkacen shinkafar da masu casa suke warewa, wadda a da masu kiwon kifi ake sayar wa. A shekarar ne kuma aka rasa rayuka a turmutsitsin rabon shinkafa a wurare da dama na ƙasar nan. Ba banza ba ɗan siyasa yake zuwa da ita in zaɓe ya matso, ya san abin da take nufi a zuciyar mai gida. Magabata sun ce kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci, kuma maganar ta hau kan wanda ya karɓi kwano biyu ya ba da ƙuri'arsa kamar yadda ta hau kan wanda ya ci bashi don a ce ya yi bikin kece raini.

Yanzu bari mu zo ga inda shari'a ta yi magana a kan shinkafa da gaske. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu sun ambace ta da suna, kuma kusan duk inda suka ambace ta, maganar rabon talaka ake yi.

Na farko zakkar gona. Idan abin da manomi ya girbe ya kai wusuƙi biyar, wato sa'i 300, ko mudun Annabi (SAW) 1,200, zakka ta wajaba ranar girbi, ba a jiran shekara. In ruwan sama ko ambaliyar kogi ce ta shayar da gonar, kashi ɗaya cikin goma ake fitarwa. In da injin ban-ruwa aka shayar, ana sayen mai, kashi ɗaya cikin ashirin ne. A mazhabar Malikiyya ana auna shinkafa da ɓawonta, Mukhtasar na Shaihu Khalil ya faɗi haka, don haka shanshera ake aunawa ba sai an casa ba. Ba a kuma haɗa ta da gero ko dawa don cika nisabi, kowanne jinsi ne mai zaman kansa. Na tsaya a kan wannan ne saboda nisabin bai kai buhu goma na shanshera ba, kuma ƙananan manoman rani da yawa suna wuce shi ba tare da sun lura ba. In kina da 'yan'uwa masu noma a fadama, ki isar musu. Haka nan wanda kaffara ta hau kansa, ciyar da miskini sittin ce ta karya azumi da gangan ko goma ta rantsuwa, yana iya bayarwa da shinkafa in ita ce abincin garin, mudun Annabi ɗaya ga kowane miskini.

Na biyu ita ce tambayarki, zakkar fidda kai, wadda wasu suke kira zakkar kono. An wajabta ta a shekara ta 2 bayan Hijira. Hadisan da suka zo a kanta sun ambaci dabino da sha'ir da zabibi da cuku, domin su ne abincin Madina. Malamai suka fahimci cewa manufar ita ce talaka ya samu abin da mutanen garinsa suke ci, ya huta da roƙo ranar Idi. Shi ya sa Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ta ce ana fitarwa ne daga abincin da ya rinjaya a garin, ta lissafa iri tara, ciki har da gero da dawa da shinkafa, a jere ɗaya, babu fifiko. Masara ba ta iso ƙasashenmu ba a zamaninsa, amma malamanmu sun sanya ta a wannan layi tun da ta zama abincin jama'a. Abin da ake fitar wa kowane mutum sa'i ɗaya ne, wato mudun Annabi huɗu, cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum sau huɗu. A shinkafa yana kamawa tsakanin kilo biyu da rabi zuwa uku. Ku tara ke nan mudu 36, kusan rabin buhu. A farashin bara, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai albashi.

Saboda haka amsar ita ce a'a, ba dole ba ne. Abin dubawa shi ne me akasarin mutanen garinku suke ci. A ƙasar Zazzau tuwon masara abincin gidaje ne masu ɗimbin yawa, kuma inda abinci biyu suka yi kunnen doki a gari, mai bayarwa yana da zaɓi. Malaman Malikiyya sun ƙara da bayani mai kyau ta fuska biyu. Wanda yake cin abin da ya fi na garin kyau, an so ya fitar daga wannan mai kyan. Wanda kuma yake cin abin da bai kai na garin ba saboda rashi, ya fitar daga abin da yake ci, ta isar masa. Wanda aka hana shi ne mai hali da yake yin haka don rowa. Attajirin da gidansa ba a sauke tukunyar shinkafa, in ya aiko a sayo masa tsohuwar dawa mai ƙwari don ya rage kashe kuɗi, shi ne ya kamata kunya ta kama. Maigidanki da zai ɗebo daga masarar da iyalinsa suke ci ya bayar, ya yi abin da aka umarce shi cif.

Maganar bashi kuma tana da ɗan bayani, kada a yi mata kuɗin goro. A mazhabarmu, wanda ba shi da abin fitarwa a hannu amma yana da tabbacin zai iya biya, an umarce shi ya ranta ya fitar. Wannan hukuncin wanda ɗakinsa babu komai ne. Wanda yake da hatsin da ya wuce abincin gidansa na ranar Sallah ba ya cikin wannan hali, rancen da zai ci don ya sauya masara da shinkafa nauyi ne da ya ɗora wa kansa, shari'a ba ta ɗora masa ba.

Duk da haka kada ki ɗauki kunyar tasa abin banza. Akwai tausayi a cikinta, kuma akwai wata gaskiya da ya hango. Wanda aka ba shinkafa da safiyar Idi zai iya ɗora tukunya nan take yaransa su ci kafin azahar. Wanda aka ba tsabar masara kuwa sai ya nemi kuɗin surfe da na niƙa, ga shi masu inji da yawa ba sa buɗewa ranar Sallah. Wannan ne fifikon shinkafa na haƙiƙa a wannan rana, kuma wanda Allah ya hore wa, ya bayar da ita don wannan dalili, ya kyauta ƙwarai. Amma matsalar tana da magani ba tare da bashi ba. Lokacin da aka fi so a fitar shi ne bayan ketowar alfijir kafin a tafi Idi, sai dai an halatta a gabatar da kwana ɗaya ko biyu, kuma sahabbai sun yi haka. Ki ba maigida shawara, cikin ladabi da lallashi, ya auna mudun Annabi 36 daga masarar da ta fi kyau a ɗakin, ki bushe ta ki tsince, a kai wa masu ita tun ranar 28 ga azumi da daddare ko 29 da safe. In akwai ɗan canji a hannu a haɗa musu da kuɗin niƙa a matsayin sadaka ta daban. Ya halatta a ba gida ɗaya duka in masu buƙata ne, kuma mudu 36 na masara a gidan da yara suke zai kai su kwanaki bayan Sallah. A fara dubawa cikin dangin da ciyar da su bai wajaba a kansa ba, sannan maƙwabta.